Yadda Aka Tura Eriya Ƙasar Waje da Ƙuri'a

Duk wanda ya taɓa kai rediyonsa gyara aka dawo masa da shi tare da ragowar kusoshi a ƙulle cikin leda, to ya san Eriya. Dogo ne siriri, da ɗan kansa can a sama kamar an ɗora ƙwallo bisa sanda, shi ya sa sunan ya bi shi har na ainihin ya ɓace. Shagonsa na tsakiyar layi, daidai gaban wani ƙaton rami da ya cinye rabin kwalta. Na ce shagonsa, amma bakina ne ya zame. Shagon surukinsa ne, wani tsoho mai ciwon gwiwa da ya daina fita, wanda ranar da ya miƙa masa mukulli ya kafa masa sharaɗi ɗaya tak.

"Ranar da na ji ka bar shagon nan, mai faci zan ba. Ba zan ko tambaye ka ba."

Mai faci kuwa yana can tsallaken ramin a gindin bishiya, shi da injin iskarsa da tsofaffin tayoyi, rana ta dake shi ruwa ya dake shi. Kullum da safe sai ya gaida shagon kafin ya gaida mai shagon.

Da mutane suka koma jin komai a waya, sai rediyo ya daina lalacewa, domin ba mai kunna shi. Eriya ya wuni yana kore ƙuda da sukudireba. Wata rana ya shigo gida da tafiyar mutumin da ya tsinci abu a hanya, ya tarar da matarsa a kan keken ɗinki.

"Maman yara, kin san daga ina labari yake fitowa?"

"Daga bakin masu gulma."

"Daga cikin rediyo. To wa ya fi kowa shiga cikin rediyo a layin nan? Waɗannan masu karanta labaran da kike ji, a bakin ƙofa suka tsaya. Ni kuwa har uwar ɗaka na shiga da ƙarfen dalma. Na san aikin jarida ta ciki."

"To me ya rage?"

"Wayarki."

Tasa wayar 'yar ƙarama ce mai tocila, ba ta san hoto ba. Matar ta dube shi, ta dubi wayarta, ta ce in ta dawo da ko ƙwarzane ɗaya zai ɗinka mata sabuwa da hannunsa. Kafin azahar ya buɗe zaure a waya, ya sa masa suna Muryar Layinmu, ya zuba duk mutanen layin a ciki ba tare da ya tambayi kowa ba, har da surukinsa.

Labarinsa na farko shi ne mota ta take ragon mahauci. Aka fito a guje aka tarar katifa ce ta faɗo daga kan wata a-kori-kura, ragon kuwa yana tsaye yana cin audugarta. Na biyu, ya ce an garzaya da tela asibiti. Matar tela ta fito ba takalmi, sai ga mijin yana dawowa da ƙullin zare. Kafin mako ya zagayo, yara da manya sun sake wa zauren suna, suna ce masa Ƙaryar Layinmu.

Wani zai ji kunya. Eriya tunani ya yi, kuma tunaninsa ya fi kunyar wani hatsari. Ya sa kwat a kan singileti, ya ɗaura laktaye, ya jera matattun rediyoyi a bayansa, ya jingina wayar da gwangwanin kusoshi, ya buɗe bidiyo kai tsaye.

"Jama'ar layinmu, na gano ciwon aikin jarida na duniya baki ɗaya. Mutum ɗaya ne ke zama a ofis mai sanyi ya yanke abin da ya faru. Wannan mulkin kama-karya ne. Daga yau kowa ɗan jarida ne. Kowa ya kawo labarinsa zaure, a kaɗa masa ƙuri'a. Babban yatsa sama, ya faru. Babban yatsa ƙasa, bai faru ba. Abin da ya yi rinjaye zuwa la'asar shi ne gaskiya, kuma ni da bakina zan karanta shi, ko da a kaina ne."

Malamin makarantar da ke haya a ƙarshen layi ya leƙo shagon da alli a hannun rigarsa.

"Eriya, ba a yi wa gaskiya ƙuri'a. Abin da ya faru ya faru."

"Wannan ra'ayinka ne, Malam."

"Ba ra'ayi ba ne."

"To bari mu ji jama'a."

Ya saka a zaure cewa Malam yana da gaskiya. Duk wanda Malam ya taɓa sa wa jan biro, da iyayen waɗanda ya sa suka maimaita aji, suka yi layi. Malam ya sha kashi, aka karanta bayan la'asar cewa jama'a ta tabbatar ba shi da gaskiya.

Saura suruki, wanda ya zama babban mai kallo tunda ba ya fita. Eriya ya je har ɗakinsa, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna, ya koya masa danna yatsa. Tsohon ya ajiye man zafin da yake shafa wa gwiwa.

"Wato in aka yi rinjaye, shi ke nan abu ya faru?"

"Ya faru ya gama, Baba."

"Ko ban gani ba?"

"Ko ka ga akasinsa da idonka. Ido biyu kawai gare ka, Baba. Jama'a kuwa idanu nawa?"

"To madalla. Ka riƙe maganar nan da kyau, ni ma zan riƙe."

Ranar da aka fara gwada dokar sosai, ruwan sama aka tsuge da shi tun hantsi. Wani ya rubuta a zaure cewa ana ruwa. Mai wanki, da ya yi wa rabin layi alkawarin kayansu sun bushe, ya bi gida-gida yana neman yatsa ƙasa. Mai ƙanƙara ya mara masa baya. Duk wanda aka bar wa shanya ya manta bai kwashe ba shi ma ya danna ƙasa. Da la'asar Eriya ya zauna gaban waya, kwanon shagon yana yoyo daidai tsakiyar kansa, ɗigon na gangarowa ta kan hanci yana sauka a laktaye.

"Jama'a ta tabbatar yau ba a yi ruwa a layinmu ba," in ji shi, ya share fuska. "Duk wanda ya jiƙe, ya binciki kansa."

Daga nan ƙofa ta buɗe. Mahauci ya riƙa ƙara wa masu saye ɗan kitse, sai ga shi an tabbatar ma'auninsa ya fi na asibiti daidai. Wanzami, mai sanƙo tun daga goshi har ƙeya, ya samu rinjayen cewa gashinsa ya dawo, ya sayi mataji. Matan layi suka haɗa kai suka tabbatar duk magidanta sun yi alkawarin dawowa gida kafin magariba, magidantan suka farga bayan an rufe zaɓe. Eriya yana karantawa yana kumbura. In ya bi layi, hannunsa ɗaya a baya, wayar matarsa a gaba kamar tocilar mai gadi, yana ce wa kowa, "Kana da abin cewa? Ka faɗa, muryarka ce."

Sai maganar rami. Malam ya yi shekara da shekaru yana zarya zuwa ofishin masu gyaran hanya a kan ramin nan, har takalminsa ya san hanyar da kansa. Dillalin gidaje kuwa ya gaji da masu neman haya suna ganin ramin suna juyawa, sai ya rubuta a zaure cewa an gyara ramin layinmu. Wa zai ƙi? Kowa yana so a ce an gyara. Yatsu suka tashi sama kamar an saki tantabaru, Eriya ya karanta, bidiyon ya zaga har wasu unguwanni.

Bayan kwana kaɗan sai ga tifa cike da tsakuwa, da ma'aikata da sheburansu. Zaryar Malam ta biya. Shugaban ma'aikatan ya sauko, ya tsaya a bakin ramin, wanda ruwan da ba a yi ba ya cika shi taf. Wani cikin yaransa ya miƙo masa waya, ya kalli Eriya yana karanta labarin. Ya dubi ramin, ya dubi wayar.

"Wane ne mai wannan jarida?"

"Ga ni, ranka ya daɗe. Babban Edita."

"An gyara nan?"

"Jama'a ta tabbatar."

Malam ya kutso yana haki. "Yallaɓai, ga ramin a gabanka. Dubi, har agwagwa ke wanka a ciki."

"Na ga agwagwa, Malam. Amma in na zuba tsakuwa inda mutanen wurin suka ce an gyara, gobe a ce na yi aiki ɗaya sau biyu. Ina da iyali."

Ya hau, tifar ta yi ribas. Malam ya bi ta da gudu yana ɗaga hannu har ta sha kwana. Eriya bai bar wannan ta wuce shi ba. Ya juya wa ramin baya, ya ɗaga waya sama, ya buɗe kai tsaye.

"Masu kallo, ku shaida. Hukuma da kanta ta sallama wa muryar jama'a. Mun gyara hanya ba tare da ko shebur ɗaya ba. Bari in ɗan ja baya ku ga faɗin aikin."

Ya ja baya. Agwagwar ta tashi. Abin da masu kallo suka gani shi ne sama, sai tafin ƙafa, sai sama kuma. Amma a yaba masa, hannun da ke riƙe da wayar bai taɓa ruwa ba, domin ya tuna mai ita. Ya miƙe, ruwa iya ƙirji, laktaye na yawo a gabansa.

"Kamar yadda kuke gani, ina tsaye a kan sabuwar kwalta. Tana da ɗan laushi, ba ta gama bushewa ba."

Mai faci ne ya jefa masa tsohon tiyub ya jawo shi. Yana jan sa yana kallon shagon ta saman kansa, kuma wanda ya lura da fuskarsa a ranar ya san akwai abin da ke dahuwa.

Washegari da hantsi labari ya faɗo zaure daga wayar mai faci: wani babban gidan jarida na ƙasar waje ya ga aikin Edita Eriya, ya ɗauke shi aiki, har ya hau jirgi ya tafi, ya bar shagonsa.

Eriya ya karanta sau ɗaya a tsaye, ya karanta na biyu a zaune. Ya tsallaka gefen ramin a guje ya kama hannun mai faci da hannu biyu.

"Abokina, a ina ka ji?"

"Majiya mai tushe, Edita. Ka san ba a tona majiya."

"Haka ne, haka ne. Wace ƙasa ce?"

"Mai nisa."

"Na san za a rina. Irin aikin nan ba ya ɓuya."

Shi ya fara danna yatsa sama. Daga nan ya bi layi yana yaƙin neman zaɓe, shago-shago, ƙofa-ƙofa. Bai sha wahala ba. Tela ya danna tun kafin ya gama sallama. Magidantan magariba suka danna suna masa fatan sauka lafiya. Mahauci ya ce da ana danna sau biyu da ya danna. Eriya ya dawo gida da ƙwalla a ido, yana cewa bai taɓa sanin ana ƙaunarsa haka ba.

Matarsa ta karɓi wayar ta karanta, ƙafarta ta tsaya a kan keken ɗinki.

"Baban yara, ka karanta ƙarshensa kuwa?"

"Na haddace shi."

"Ya bar shagonsa. Ka ga wurin?"

"Wannan adon magana ne. Ke ba ki san aikin jarida ba. Ki duba babbar maganar: ƙasar waje. Jirgi."

"Baba yana cikin zauren nan."

"Shi ya sa nake so ya gani. Tun da na aure ki yake min kallon mai kwance kusoshi. Ke dai ki ce kin yarda."

"Ka tabbata?"

"Maman yara, matar mutum ce za ta hana shi ci gaba?"

"Allah ya kiyaye hanya," in ji ta, ta ci gaba da ɗinkinta.

Da la'asar ya goge kwat, ya zauna gaban matattun rediyoyinsa, ya karanta wa duniya cewa jama'a ta tabbatar, da rinjayen da ba a taɓa gani ba, Edita Eriya ya tafi ƙasar waje ya bar shagonsa. Ya ƙara da cewa layinmu zai yi kewarsa, kuma samun irinsa sai an tona.

Da safe ya zauna a tabarma yana jiran karin kumallo. Matar ta zuba wa yara, ta zuba wa kanta, ta rufe tukunya.

"Nawa fa?"

Ta dubi yaran. "Ku ci da sauri. Babanku yana can yana cin na jirgi."

Ya yi dariya, ya jira. Da ya ga tana wanke tukunyar, sai ya ɗauki wayar ya fita da yunwarsa. Tun daga nesa ya ji injin iska yana tari, kuma ba daga gindin bishiya ba. Ƙofar shagonsa a buɗe, tayoyi jere a bakinta, mai faci a kan kujerarsa ya miƙe ƙafa. Rediyoyin kuwa an kwashe su an jera a tsallaken rami, a gindin bishiya, manya a ƙasa ƙanana a sama, har an rufa musu leda.

"Me ke nan?"

"Faci ko iska?" in ji mai faci.

"Shagona ne wannan."

"Na wani bawan Allah ne da ya yi tafiya. Tsohon ya aiko min da mukulli tun asuba. Ka san shi ne, mai tafiyar? Kun ɗan yi kama."

Eriya ya juya wajen mahauci da ke wasa wuƙa a teburinsa. "Kai, gaya masa ko ni wane ne."

Mahauci ya kare ido da hannu ya dube shi sama da ƙasa. "Tsawon dai ya yi. Amma wancan ya fi ka ƙiba a wuya. Ka san abincin can."

"Jiya da rana na tsaya nan na roƙe ka ƙuri'a."

"Na ba shi kuwa. Mutumin kirki. Ka gaishe shi in kuna waya."

Wanzami ya wuce yana taje sanƙonsa, ya yi wa Eriya sannu da zuwa irin ta baƙi, ya tambaye shi ko gidan wa yake nema.

Eriya ya ce ba komai, dimokuraɗiyya ita ke gyara kanta. Ya tsaya a tsakiyar layi ya rubuta sabon labari a zaure: Eriya yana nan. Ya ɗauki hoton kansa a gaban shagon ya haɗa. Ya hau kan taya yana ɗaga hannu yana juyawa ko'ina don kowa ya gan shi da kyau. Mutane suka fito ƙofar gidajensu, suka dube shi, suka sunkuya kan wayoyinsu, suka danna ƙasa. Wata tsohuwa da ba ta gani sosai ta matso har ta taɓa hannun kwat ɗinsa, ta ce masa, "Ɗan nan, taimaka ka nuna min inda ake danna ba ka nan." Da yake ya rantse ba zai hana kowa muryarsa ba, ya nuna mata.

Zuwa la'asar yatsu biyu ne kawai a sama: nasa da na Malam. Eriya ya je ya rungume shi.

"Malam, ashe kai ne masoyina."

"Sake ni. Ba don ina son ka ba ne. Kana nan ne kawai, abin takaici."

Sai aka ji ƙarar babur. Surukin ne aka ɗauko, karo na farko da ya fito tun da gwiwa ta kama shi. Aka sauke shi da dabara aka zaunar a benci gaban shagon, sandarsa a tsakanin ƙafafu. 'Yarsa na biye da shi. Ta zare wayarta daga hannun mijin, ta buɗe kai tsaye, ta saita masa fuskar wayar. Layin kaf ya taru, har da mutanen wasu layuka da suka zo ganin mutumin da ba ya nan.

Eriya ya tuɓe takalmi a kan titi ya tsuguna. "Baba, barka da fitowa. Ga ni."

Tsohon ya ciro wayarsa ya nisanta ta da fuska ya duba. "An ce ba ka nan."

"Amma Baba, kana ganina."

"Ido biyu kawai gare ni. Wani mai ilimi ne ya gaya min."

Dariya ta zaga. Eriya ya ce, "To Baba, a ce na tafi ɗin, amma na dawo hutu."

"Mai hutu me zai yi da shago? Ya huta."

"A ce rabina ya tafi."

"Rabin da ya rage ya zo ya karɓi rabin mukulli." Tsohon ya buga sanda a ƙasa, aka yi tsit. Ya zaro ɗaya mukullin daga aljihu ya ɗora a gwiwarsa mai ciwo. "Ni ba na son ja-in-ja, ƙafata na zugi. Ga 'yata tana ɗauka, kowa na kallo. Ka dubi wayar nan ka ce ba wanda ya ɗauke ka aiki, ba ka taɓa ganin cikin jirgi ba, an yi ruwa ranar nan, kuma wancan abin da ka faɗa ciki rami ne. Ka faɗa, mai faci ya kwashe tayoyinsa yanzun nan. In kuwa kana ƙasar waje, to Allah ya ba da sa'a, shago ya zama nasa."

Mai faci ya daina murmushi. Malam ya matso yana raɗa, "Faɗi kawai. Jimla huɗu ce."

Eriya ya miƙe. Ya dubi shagon: kujerarsa, ƙusar da yake rataye kwat, tabon dalma a kan tebur. Ya gyara murya ya fuskanci wayar. Ya buɗe baki da niyyar faɗa, kuma na rantse ya yi niyyar. Sai idonsa ya sauka kan saƙonnin da ke hawa a fuskar wayar. Masu kallo sun yi yawan da bai taɓa samu ba. Mutanen nesa, da ba su san komai ba sai labarin jiya, suna ta turo barka. Wani ya ce a taimaka masa da hanya. Wata ta ce ɗanta ma yana son aikin jarida. Sai ga saƙon wani tsohon ɗan ajinsu, wanda ya fi kowa yi masa dariya ranar da ya tattara littattafansa ya bar makaranta: "Ashe dai ka zama mutum. Muna alfahari da kai."

Wuyan Eriya ya ƙara tsawo. Hannunsa ya tafi ga laktaye da kansa.

"Baban yara," in ji matar a hankali daga bayan wayar, "ka dubi mukullin."

Ya dubi mukullin. Ya sake duban saƙon.

"Masu kallonmu a ko'ina kuke," in ji shi, "barkanku da war haka. Eriya ne ke magana, kai tsaye daga ƙasar waje."

Tsohon ya miƙa wa mai faci mukullin, ya ce a ɗora shi a babur. Malam ya zauna a kan taya ya riƙe kai. Matar ta kashe bidiyon, ta goge fuskar wayar da gefen mayafi, ta jefa ta cikin jaka.

"Wayar fa, maman yara? Yanzu aiki ya fara."

"Layina ba ya kamawa a can," in ji ta, ta bi bayan babur.

Zauren bai kwana biyu ba kowa ya fice, Malam kuma ya koma zaryarsa daga farko. Eriya yana nan a tsallaken rami, a gindin bishiya, kan bencin da mai faci ya bar masa, da rediyoyinsa a ƙarƙashin leda. Ya karyo eriyar wani tsohon rediyo yana riƙe ta a baki, duk wanda ya wuce sai ya ba shi rahoton abin da ke faruwa a ƙasashen ƙetare. Matar ta sassauto, tana kawo masa abincin rana, amma a bakin ramin take ajiye kwanon, ta ce ba ta da takardun tsallakawa.

Rannan hadari ya haɗu, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Mai faci ya ja kujera cikin shago inda ya liƙe yoyon da ɗan guntun tiyub, ya leƙo ya hango Eriya a tsallake, kwat ya manne masa a jiki, ruwa na zuba ta kan hancinsa.

"Edita, mu dai nan gida ruwa ake. Ya yanayin can wajenku?"

Eriya ya ɗaga kai ya dubi sama, ya tofar da ruwan da ya shiga bakinsa, ya kai eriyar kusa da leɓe.

"Sai bayan la'asar za mu sani."